Tukunya na Kan Wuta, Baiti na Bakinki

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Rigasa, shekarata 31, 'ya'yana huɗu. Babban yana aji huɗu a firamare, ƙaramar watanta bakwai, tana nono. Ba na fita aiki. Tun ina sakandare nake sha'awar rubuta waƙa, har malamin Hausarmu yakan sa ni rera baitoci a gaban aji. Bara na sayi littafi na ce zan fara, amma har yau shafi uku na rubuta, su ma ɗana na uku ya yage ɗaya ya yi jirgi da shi. Daga asuba har ƙarfe 11 na dare ba ni da lokacin kaina, ga surukata tana tare da mu, ba ta da cikakkiyar lafiya. In na zauna da dare zan yi rubutu, sai dai in farka in ga biro a ƙasa. Ranar da ƙanwar maigidana ta ga littafin dariya ta yi, wai "Yaya zai wayi gari da zabiya a gida." Tun ranar na ɓoye shi a ƙasan akwati. Wani lokaci ji nake kamar ni ɗin ta da ta ɓace. Anti, in haƙura sai yara sun girma, ko kuwa dama wannan ba abin matar aure ba ne?

Maman yara huɗu, Rigasa, Kaduna

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya zuri'a, ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Jirgin nan na ɗanki ya ba ni dariya, don ke naki ya yi sa'a, ko ba komai ya tashi sama. Nawa littafin na farko, lokacin muna zaune a Tudun Wada, da shi aka hura kurfoti wata safiya da gawayi ya jiƙe. Na fito na tarar da shafi goma sha wani abu sun zama toka a ƙarƙashin ruwan koko. Na yi kuka a ɓoye, don ban san yadda zan yi wa mutanen gida bayanin abin da ya ƙone ba.

Kada ki jira yara su girma. Na ga masu jiran. Yaran suka girma, aka shiga hidimar makarantar gaba, daga nan aka shiga haɗa kayan ɗaki, kafin a huta 'yar fari ta dawo wankan jego, sai ga jika a baya. Aikin gida ba ya yaye kowa. Wadda ta ce sai ta ga ƙarshensa za ta ɗauki alƙalami, to ta bar wa magada alƙalamin.

Amma a ganina ba rashin lokaci ne babban abin da ya tsayar da ke ba. Kin ɗauka waƙa aba ce da ake zama a yi, da tebur da fitila da shiru, kamar mai shirin jarrabawa. Shi ya sa kika ware mata ƙarfe 11 na dare, lokacin da jikinki ya riga ya gama biyan bashin yini. Wannan lokacin na barci ne, ki mayar masa da abinsa. Mai shayarwa da ke tashi sau biyu sau uku cikin dare ba ta da rarar barcin da za ta ba waƙa aro.

Waƙar Hausa a baki ake ƙera ta, kunne ke auna ta, takarda ajiya ce kawai. Akwai dalili. Karin waƙarmu yana tafiya ne a kan nauyin gaɓa, wata gajera wata doguwa, rubutun boko da muke yi kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Ki rubuta "gari". Wanda ake zama a ciki ne ko wanda ake tuƙa tuwo da shi? A takarda duk ɗaya ne. A baki kuwa na tuwo sai kin ja "ga" ɗinsa, na zama kuma a taƙaice yake fita. A baiti ɗayan zai zauna daram inda ɗayan zai karya kari, kuma ido ba zai taɓa gaya miki ba. Ko wanda ya samu tebur da fitila da shiru, dole ya ɗaga murya ya rera kafin ya san ko abin ya tsaya. Ke nan kayan aikin da waƙa ta fi buƙata, baki da kunne, su ne kaɗai aikin gida ya bar miki a sake. Hannu yana cikin ruwan omo, baya yana ɗauke da goyo, ido yana kan mai rarrafe, amma baki ba abin da yake yi sai "kai bari" da "ke sauko".

Nan Zariya kusa da mu, Alhaji Aliyu Namangi ya yi Imfiraji, ɗaya daga cikin waƙoƙin Hausa da suka fi kowace yaɗuwa, alhali shi makaho ne. A ka yake haɗa baitocinsa, ya rera, wasu su rubuta. Har yau za ki ji ana rera ta a tasha da bakin kasuwa, a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe littafinta ba.

Iyayenmu mata ma ba su taɓa raba waƙa da aiki ba. Akwai ta niƙa, akwai ta daka da ake yi da lugude, taɓarya tana ba da kari, akwai ta daɓe, akwai ta reno. Inji ya karɓe niƙa, siminti da tayil sun kori daɓe, amma reno yana nan, kuma na tabbata in jaririyar nan taki ta ƙi barci akwai abin da kike rera mata, wataƙila ma da kalmomin da ke kika ƙirƙira a take. To ai kin riga kin fara, suna ne kawai ba ki sa masa ba.

Bari in nuna miki da baitin da ya tsira daga gobarar kurfotin nan, don shi a kaina yake zaune. Ina jiran wake ya dahu na yi shi:

Tukunya tana kan wuta, ga ni zaune,
Ina jin bugun zuciyata a kunne.

Ba wani baitin a zo a gani ba ne, amma ya tsaya da ƙafarsa. Ki faɗe shi a hankali kina buga yatsa a cinya. Tu-kun-ya. Ta-na-kan. Wu-ta-ga. Ni-zau-ne. Kowane taku gajera ɗaya ce a gaba, dogaye biyu na biye, sau huɗu a ɗango, wato layi ɗaya na baiti. Ɗango na biyu ma haka: i-na-jin, bu-gun-zu, ci-ya-ta, a-kun-ne. Malaman aruli, wato ilimin karin waƙa, suna kiran wannan kari Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwa 16 na waƙar Larabci, waɗanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara mafi yawansu, marubutanmu na Hausa kuma suka ɗauki wasu suka yi ta gini a kai. Ba sai kin haddace sunan ba. Yanzu ki cire "tukunya" ki sa "shinkafa". Shinkafa tana kan wuta. Ma'ana ba ta lalace ba, gaɓoɓin ma uku ne kamar na farko, amma kin ji yadda harshe ya yi tuntuɓe tun a bakin ƙofa? Don "shin" doguwa ce, ta zauna a gurbin gajera. Wannan tuntuɓen shi ne malaminki. Duk inda kika ji shi, akwai gyara.

Kuma kada ki ce ba ki da kari a kunne. Wadda ta yi Islamiyya ta rera ƙasidu, ta ji Burda da Ishiriniya lokacin Mauludi, ta yi gaɗa a dandali tana yarinya, kanta cike yake da karuruwa. Da yawa daga cikin marubutanmu haka suke yi, su ɗauki muryar wata waƙa da suka sani su zuba nasu kalmomin a ciki. Ki zaɓi murya ɗaya wadda kika fi sakewa da ita, ki riƙe ta wata biyu ba ki canza ba. Ki riƙa gunguninta ba kalmomi kina shara, kalmomin za su zo su same ta.

Ki fara da 'yar ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu. 'Yar ƙwar huɗu da 'yar ƙwar biyar suna da daɗi, amma suna son amsa-amo biyu, na ciki da na waje, kuma kan da ke lissafin kuɗin cefane da lokacin maganin Hajiya ba zai riƙe ɗango biyar daga kicin zuwa ɗaki ba. Ɗango biyu kuwa za ki iya goya su tare da jaririya. Sannan ki zaɓi amsa-amo mai yalwa. Wanda ya ƙare da "wa" ko "ya" ko "ba" ko "na" ba ya ƙarewa a Hausa. In kika ɗauko mai wuya don burgewa, a baiti na huɗu za ki tsaya kina lalube, ki ƙare da cusa kalmar da ba ta da aikin yi a wurin sai cike gurbi, mai sauraro kuma yana ganewa nan take.

Ba kowane aiki ne ke karɓar waƙa ba. Wanki yana karɓa, da tsintar wake ko shinkafa, da shara, da guga, da jijjiga yaro, da tafiyar rakiya zuwa makaranta in kin juyo ke kaɗai. Shayarwa ta fi su duka, don zama ne na dole wanda ba mai cewa ki tashi. Amma in mai yana kan wuta, ko wuƙa tana hannu, ko kin sauke ruwan zafi ga mai rarrafe a tsakar gida, ki ajiye baiti. Na taɓa bin wata kalma har miyar kuka ta kama, maigida ya ci ya yi shiru, shirun da ya fi faɗa ciwo.

Abin da zai fi ba ki wahala shi ne kamawa. Baiti yakan zo kina tsaka da cuɗa kayan makaranta, ki ce bari in gama in rubuta, kafin ki ɗauraye hannu wani ya faɗo daga kan kujera, shi ke nan ya tafi, kuma ba ya dawowa yadda ya zo. Maganinsa maimaitawa. Da ya zo ki rera shi sau biyar, sau goma, har ya zauna. Sannan ki goge hannu a zani ki ɗauki waya ki naɗi muryarki, daƙiƙa 15 ta isa. WhatsApp ma yana bari mutum ya tura wa kansa saƙo, sai ki mayar da wurin rumbunki. Don ranar da aka ɗauke wuta waya ta mutu, ki manna farar takarda a cikin murfin kabad ɗin kicin, can sama inda mai ƙera jirage ba ya kaiwa, ki ɗaure fensir da zare a jiki. Na ce fensir, don biro a gidan 'yan makaranta ba ya kwana.

Littafin nan kuma ki fito da shi daga ƙasan akwati, amma aikinsa sau ɗaya ne a mako. Ki duba ranar da manyan suke Islamiyya da safe, Asabar ko Lahadi, Hajiya ta karya ta sha magani, ƙaramar ta yi barcin hantsi. Minti 20. Ki saurari abin da kika naɗa, ki kwafe, ki jera, ki soke. Ki yi lissafi da kanki: baiti ɗaya a yini, kwana biyar a mako, baiti 20 ke nan a wata. Ki zubar da rabi, don rabin ba zai yi kyau ba, kowa ma haka nasa yake. Saura 10. Wata biyu kin haɗa waƙa mai baiti 20, da mabuɗinta da marufinta. Da yayyafi kogi kan cika. Za a yi makon da ba za ki samu ko ɗango ɗaya ba, yaro ya yi zazzaɓi, ko azumi ya zo, ko biki ya taso a dangi. Ba bashi ba ne, kada ki rama, ki ɗora daga inda kika tsaya.

A kan me za ki rubuta? Masu farawa sukan ruga wajen manyan jigogi, zaman lafiya, ilimi, halin da ƙasa ke ciki, sai su fito da abin da kowa ya riga ya faɗa, da kalmomin da kowa ya riga ya tauna. Ba na hana ki, amma ki fara da abin da ke kaɗai kika gani. Layin awo a asibiti, yadda mata ke ajiye kati a kan benci su kama wuri. Ƙarar jirgin ƙasa in ya taso daga tashar Rigasa, ke kina tsugune a bakin famfo, wasu suna tafiya Abuja. Hannun surukarki lokacin da kike shafa mata man zafi, hannun da ya yi wa mijinki wanka yana jariri. Hazon hunturu da ke fasa leɓen yara. Mai tebur da fitila bai ga waɗannan ba, sai dai ya ji labari. A 1983 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga Alƙalami a Hannun Mata, waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, matan da suka yi waƙa a kan al'amuran yau da kullum na jama'a. In kin samu wanda zai nemo miki shi, ki rera shi da murya, kada ki karanta a zuci.

Sai maganar zabiya. Ƙanwar mijinki ta haɗa abu biyu ne. Akwai waƙar baka ta makaɗa da zabiyoyi, mai kiɗa da amshi da karɓar kuɗi a taron biki, sana'a ce mai zaman kanta, masu ita sun san abinsu, ban kuwa raina ta ba. Akwai kuma rubutacciyar waƙa, wadda daga zauren malamai ta fito. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, kuma uwar 'ya'ya. Ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da waƙoƙin nan ta karantar da matan karkara: takan ba jajis ɗinta, wato matan da ta naɗa su karantar, su tafi ƙauyuka su koya wa 'yan taru, matan su haddace su koma gidajensu da karatu a ka. To wadda ta ce waƙa ba abin matar aure ba ce, da tarihi take jayayya, ba da ke ba. Sai dai ban kawo Nana don ki auna kanki da ita ba. Ita a gidan ilimi da mulki ta tashi, gidan da hannuwa suke da yawa. Ke hannu biyu gare ki.

Ba sai kin yi wa ƙanwar miji wannan dogon bayani ba. Tsakaninku akwai wasa, in ta sake faɗa ki yi dariya ki ce ta shirya kuɗin liƙi. Wanda ya kamata ya ji daga bakinki shi ne maigida, kuma tun kafin ya ji daga bakin wani. Abin da aka ɓoye a ƙasan akwati kama da laifi yake yi ko da ba laifi ba ne. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki ce, "Abban yara, ka san tun ina makaranta nake son rubuta waƙa? Ji wannan." Ki rera masa baiti biyu, in da hali waɗanda suka shafi mahaifiyarsa ko 'ya'yansa. Wataƙila ya yaba, wataƙila ya ce "to, madalla" ya koma kan wayarsa. Ko wannen ya yi ya wadatar, don ba alƙalin gasa kike nema ba, so kike littafin ya zauna a fili. In ya nuna damuwa, yawanci a kan fita ne da shiga idon jama'a, sai ku yi magana a kan wannan, ku tsayar da iyaka tare.

Ga kashedi ɗaya da ba na so ki tsallake. Waƙa tana da daɗin habaici, kuma ranar da aka ɓata miki rai baitin zai zo da sauri, ya zo da kyau fiye da kullum. Ki yi shi, ki huce. Amma kada ya hau Facebook, kada ya shiga wani zaure na WhatsApp. Duk yadda kika lulluɓe, dangin miji sun san zanin da suka saya. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka yi wa kari, ita haddace ta ake yi.

In kin haɗa waƙa uku ko huɗu, ki nemi mutum ɗaya da zai gaya miki gaskiya. Zaurukan marubuta na intanet suna da amfani, amma "Masha Allah, Allah ya ƙara basira" guda hamsin ba za su nuna miki inda kari ya karye ba. Malamar Hausa a wata sakandare ta unguwarku ta fi su, ko wata dattijuwa mai rera ƙasidu, wadda za ta tsayar da ke ta ce "sake faɗa, nan bai zauna ba." Gaba kuma, in yara sun ɗan saki, Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, tana da reshe a nan Kaduna, ga kuma bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a garin nan a 2017. Waɗannan ba na gaggawa ba ne. Kuɗi kuwa kada ki sa rai. Rubutacciyar waƙa ba ta cika sayen ko magi ba, in wani ya ce ki biya a buga miki a kuma sayar miki, ki riƙe jakarki da kyau.

Na dawo kan jimlar da kika sa a kusa da ƙarshe, cewa ji kike kamar ke ɗin ta da ta ɓace. Mata da yawa sun san wannan, ko da ba su faɗa ba, ranar da mutum zai lura an yi wata guda ba wanda ya kira shi da sunansa na yanka, daga Maman wane sai Anti sai Amarya. In iyakarsa ke nan, baitocin za su taimaka, don a cikinsu ba kowa sai ke. Amma in abin ya wuce haka, kina yawan kuka ba dalili tun bayan haihuwar nan, abinci ba ya miki daɗi, barci ba ya zuwa ko da jaririya ta yi, ko kina jin ba ki da amfani, to wannan ba aikin waƙa ba ne. Yana samun mata bayan haihuwa, kuma ana maganinsa. Ranar da kika kai ta rigakafi ki gaya wa ma'aikaciyar jinya ko likita yadda kike ji, ki kuma gaya wa maigida ko wata 'yar uwa da kika yarda da ita.

Ga aikin da na ba ki. Ki ɗauki baitin nan nawa na tukunya, na ba ki shi kyauta, ki ɗora masa huɗu naki a kan karinsa da amsa-amonsa. Kalmomin suna nan birjik: gane, ƙone, tone, zane, wane, mene. Kada ki zauna dominsu, ki bari su same ki a bakin aiki. In sun cika ki turo min, ko a rubuce ko da murya, ko da ana jin kukan yaro a bayanki. Ki gaida Hajiya da jiki, ki shafa min kan mai jirgi.